Yadda ƙaramin kamfani zai sami shaidar M/WBE ya nemi kwangilar birnin New York

Duk wanda ya zaga Bronx ko Harlem ya san mutanenmu ba sa zaman banza. Daga 'yan Kumasi da Accra har 'yan Yamai, Maraɗi, Kano da Lome, akwai mai kamfanin share ofisoshi, akwai mai dafa abincin taro, akwai mai manyan motocin ɗaukar kaya, akwai mai fenti da gyaran gida. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa sayar wa hukumar birni ko da tsintsiya, alhali birnin New York yana kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen sayen kaya da ba da aiki, kuma akwai doka da ta ce a buɗe wa kamfanonin baƙar fata da na mata ƙofa a ciki. Shaidar M/WBE ita ce takardar da ke tabbatar da cewa kamfani na cikin irin waɗannan.

Abin da ya fi hana mu shiga, a ganina, takarda ce. Mun saba da ciniki na amana: kuɗi a hannu, magana a baki, jari daga adashi. Wannan tsari ya riƙe mu shekara da shekaru, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai gwamnati ba ta san amana ba sai wadda aka rubuta. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a nan a kan takarda yake.

Asalin dokar

Yana da kyau ka san inda abin ya samo tushe, domin shi zai sa ka gane dalilin yawan tambayoyin da za a yi maka. A 1973 aka zaɓi Maynard Jackson magajin garin Atlanta, baƙar fata na farko a kan wannan kujera. Da aka zo faɗaɗa filin jirgin saman birnin, ya kafe a kan sai an ba kamfanonin tsiraru kashi 25 cikin 100 na aikin. Birane da yawa suka bi sahunsa. Birnin Richmond na jihar Virginia ya ware kashi 30 cikin 100, domin rabin mutanen garin baƙaƙe ne amma abin da kamfanonin tsiraru suka samu na manyan kwangilolin gini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wani kamfani mai suna J.A. Croson ya kai ƙara, kuma a 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe tsarin na Richmond. Hukuncin ya ce birni ba zai ware kaso bisa launin fata haka kawai ba, sai ya kawo hujja a rubuce cewa ana nuna wariya a kasuwarsa.

Tun daga lokacin kowane birni mai son irin wannan tsari sai ya gudanar da bincike, ya auna yawan kamfanonin tsiraru da na mata da za su iya aiki, ya kwatanta da abin da suke samu. A kan irin wannan bincike New York ta kafa shirinta da dokar birni mai lamba 129 ta 2005, ta faɗaɗa shi da doka mai lamba 1 ta 2013, ta sake gyara shi a 2019. Shi ya sa ma'aikatan birni ba sa cewa "kaso na dole". Abin da suke sa wa kwangila shi ne buri, wato kason da ake so babban ɗan kwangila ya miƙa wa kamfanoni masu shaida.

Wasu sun ji labarin cewa a Janairun 2025 Shugaba Trump ya soke umarnin 1965 mai lamba 11246 wanda ya shafi daidaito wajen ɗaukar ma'aikata, sai suka ɗauka komai ya rushe. Wancan umarni na 'yan kwangilar gwamnatin tarayya ne. Shirin birni yana tsaye ne a kan dokar birni da ta jiha.

Mataki na farko: duba ko ka cancanta

Hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta birnin, wadda kowa ke kira SBS, ita ke ba da shaidar M/WBE, wato shaidar cewa kamfani mallakin 'yan tsiraru ne ko mata. Sharuɗɗan ba su da yawa. Aƙalla kashi 51 cikin 100 na kamfanin ya zama na mace ko na ɗan ɗaya daga cikin rukunonin da doka ta lissafa, kuma duk wanda asalinsa baƙar fatar Afirka ne yana ciki. Mai wannan kaso ya zama ɗan ƙasar Amurka ko mai katin zama na dindindin. Kamfanin ya yi aƙalla shekara ɗaya yana ciniki na gaske. Sannan ya kasance a kasuwar birnin: gundumomi biyar na New York, ko Nassau, Suffolk, Westchester, Rockland da Putnam, ko Bergen, Hudson da Passaic a jihar New Jersey.

Maganar katin zama ita ce ke tsayar da mutane da yawa. Izinin aiki kaɗai bai isa ba. Wanda yake jiran takardunsa ya ci gaba da gina kamfaninsa a kan ƙa'ida, domin shekarun da yake tarawa yanzu za su yi masa amfani ranar da katin ya fito, kuma ba sai da shaida ake yi wa babban ɗan kwangila aiki ba.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne mallaka tare da iko. Bai isa sunanka ya fito a takarda ba. Dole kai ne kake sa hannu a ceki, kai kake ɗauka da sallamar ma'aikata, kai kake yanke farashi, kuma ka san aikin. A nan nake jan hankalin magidanta: wani zai ce bari in sa sunan Hajiya tunda mace ce. Idan Hajiya ce take tafiyar da kamfanin, madalla, ta nemi shaidarta da sunanta, kuma baƙar mace tana shiga rukuni biyu a lokaci ɗaya. Idan kuwa ba ta san ma inda ofishin yake ba, mai tantancewa zai gano da tambaya biyu ko uku. Kuma Alhaji ba ya bukatar wannan dabara tun farko, tunda shi ma ya cancanta da kansa.

Akwai wasu shaidu biyu da SBS ke bayarwa waɗanda ba ruwansu da launin fata: LBE ta ƙananan kamfanonin gini, da EBE ta waɗanda za su iya nuna cewa talauci da halin rayuwa sun danne su a harkar kasuwanci.

Mataki na biyu: gyara gidan kamfanin

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Kamfanin ya zama mai rajista. Mai sana'a shi kaɗai yana yin takardar kasuwanci a ofishin akawun gundumarsa. Mai son LLC, wato kamfanin da bashinsa ba ya hawa dukiyar mai shi, yana rajista da Ma'aikatar Harkokin Jiha a kan dala 200, sannan akwai wani sharaɗi da mutane ke mantawa: cikin kwana 120 sai an buga sanarwar kafa kamfanin a jaridu biyu har mako shida a jere, a kai shaida. Idan ba ka yi ba tun can baya, yi yanzu. Ka kuma rubuta yarjejeniyar tafiyar da kamfanin, wadda za ta nuna kason kowa da wanda ke da ikon yanke shawara. Abokan haɗin gwiwa biyu masu hamsin da hamsin, ɗaya ya cancanta ɗaya bai cancanta ba, ba za su sami shaida ba.

Lambar haraji ta kamfani, EIN, kyauta ce daga IRS, hukumar haraji ta tarayya. Kada ka biya kowa don ita.

Sai asusun banki da sunan kamfani. Duk kuɗin ciniki ya shiga can, duk kuɗin aiki ya fita daga can. Kuɗin cefane, kuɗin da kake aika wa gida, kuɗin makarantar yara, a fara biyan kai daga asusun kamfani zuwa naka, sannan a kashe. Na san wannan yana da wuya ga wanda ya saba aljihu ɗaya. Amma takardar banki ita ce babbar mai ba da shaida a kanka: ita za ta nuna ka yi shekara kana ciniki, ita za ta nuna wanda ke sa hannu.

Za a kuma tambaye ka inda ka sami jarin da ka mallaki kasonka da shi. Idan kwasar adashi ce, ka zuba ta a asusunka, ka tura wa kamfani ta banki, ka ajiye rasit. Idan yayanka ne ya ranta maka, ku rubuta 'yar takarda ku sa hannu. Ba rashin yarda ba ne tsakanin 'yan'uwa, kuma addini ma ya yi umarni da rubuta bashi.

Haraji kuma sai an faɗi gaskiya. Mai ɓoye ciniki don ya rage haraji yana yi wa kansa illa a nan, domin jami'in da zai ba ka aikin dala 200,000 zai duba ya ga kamfanin da ya ce cinikinsa na shekara dala 15,000 ne, ya ce ba zai iya ba.

Idan sana'arka tana bukatar lasisi, ya kasance da ransa: mai abinci da izinin hukumar lafiya ta birni, mai kamfanin gadi da lasisin jiha, mai kwashe shara ko ɓaraguzan gini da rajistar hukumar da ke sa ido kan wannan harka.

Mataki na uku: lambar mai sayarwa da shigar da buƙata

Kafin ka nemi shaida, buɗe asusu a PIP, shafin da birni ke biyan masu yi masa aiki, ka karɓi lambar mai sayarwa. Sannan ka buɗe asusu a PASSPort, shafin da ofishin kwangiloli na magajin gari ke gudanarwa, inda ake fitar da yawancin ayyuka kuma ake miƙa tayi. A can za ka amsa tambayoyi game da kamfanin da masu shi: bashin haraji, shari'a, kwangilar da aka taɓa ƙwacewa. Amsa gaskiya. Tsohuwar matsala da aka bayyana ana iya yi mata bayani, amma wadda aka ɓoye aka gano ta fi ita kanta matsalar muni.

A PASSPort za ka zaɓi lambobin nau'in kaya ko aikin da kake yi. Zaɓi abin da ka iya da gaske. Da waɗannan lambobi ake aiko maka da sanarwa, kuma da irinsu jami'ai ke neman kamfanoni.

Ita buƙatar shaidar ana cike ta ne ta intanet a SBS Connect, kuma ba a biyan ko sisi. Ka tanadi tarihin aikin kowane mai kaso, shaidar zama ɗan ƙasa ko katin zama, takardun kafa kamfani, takardun haraji, takardar banki mai nuna masu sa hannu, yarjejeniyar hayar shago ko ofis, lasisi, da kwangiloli ko takardun neman biya na shekarar da ta wuce. Sunan kamfani da adireshi su zama iri ɗaya a ko'ina. Mu da muke rubuta suna ɗaya Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mahamadou a takardar haihuwa, mu kula da wannan sosai, domin ƙaramin bambanci yana jawo wasiƙar neman ƙarin bayani. Idan wasiƙar ta zo, amsa cikin wa'adin da aka ba ka.

Cibiyoyin SBS da ke gundumomi suna taimakawa da cike takardun kyauta, kuma kiran 311 zai kai ka gare su. Wanda ya riga ya sami shaidar jihar New York, ko ta hukumar tashoshin New York da New Jersey, ko ta hukumar gina makarantu, yana da gajeriyar hanya. Amma a sani shaidar birni daban, ta jiha daban. Jiha tana da burinta na kashi 30 cikin 100, kuma hukumar Empire State Development ke ba da tata.

Bayan shaida ta fito

Shaidar tana aiki shekara biyar, kuma sunanka zai shiga kundin da jami'an sayayya ke dubawa. Sai dai kamfanonin da ke cikin kundin sun haura 10,000, kuma rahotannin ofishin kwanturolan birni, mai sa ido kan kuɗin birni, a zamanin Brad Lander sun nuna abin da ke isa hannun masu shaida bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangiloli ba, na baƙar fata kuma ƙasa da haka nesa. Akasarin masu shaida ba sa samun komai a shekara. Wannan abin takaici ne, kuma ina faɗa ne don kada ka rataye takarda a bango ka zauna jiran waya.

Ƙofofi uku ne a gabanka. Ta farko ita ce ƙaramar sayayya: abin da bai wuce dala 20,000 ba, ko 35,000 a aikin gini, jami'i yana iya saya kai tsaye. Ta biyu ita ce wadda shaidar ta fi amfani a cikinta. Doka ta ba hukumomin birni damar ba kamfani mai shaida aiki ba tare da buɗe gasa ga kowa ba, har zuwa wani adadi. Adadin ya fara daga dala 150,000, ya koma 500,000 a 2019, ya kai miliyan 1, sannan a 2023 aka ɗaga shi zuwa miliyan 1.5. Jami'i yakan nemi farashi daga 'yan kamfanoni masu shaida ya zaɓa. Ta uku ita ce yin aiki a ƙarƙashin babban ɗan kwangila wanda aka sa wa buri, domin dole ya rubuta yadda zai cika shi ko ya nemi a ɗauke masa tun kafin ya miƙa tayi.

Yadda ake shiga waɗannan ƙofofi shi ne a san da kai. Shiga Checkbook NYC, shafin kwanturola, ka ga hukumar da ke sayen irin abinka, daga wa take saya, a kan nawa. Zaɓi hukumomi biyu ko uku kawai, misali ta wuraren shaƙatawa, ta marasa matsuguni, ko DCAS mai kula da gine-ginen gwamnati. Kowace tana da babban jami'in kwangila da jami'in M/WBE. Aika musu da shafi ɗaya: me kake yi, wa ka yi wa, ma'aikata nawa, inshora nawa. Shekarar kuɗin birni tana farawa ne 1 ga Yuli, kuma hukumomi suna fitar da jerin abin da suke shirin saya. Duba City Record, jaridar sanarwar birni. Idan an kira taron bayani kafin tayi, je, domin a can za ka haɗu da manyan 'yan kwangilar da ke neman irinka. Mai dafa abincin halal ko mai kamfanin tafinta yana da abin da wasu ba su da shi, sai ya faɗa a layin farko.

Dokokin daidaito suna hawa kanka kai ma

Dokar da ta buɗe maka ƙofa tana da 'yar'uwa da ke kare ma'aikatanka. Tun 1980, umarnin magajin gari Ed Koch mai lamba 50 ya wajabta wa 'yan kwangilar birni daidaito wajen ɗaukar aiki, biya da ƙarin girma. Wani sashe na SBS ke sa ido. Mai kwangilar kaya ko hidima ta sama da dala 100,000 da ma'aikata 50 zuwa sama yana cike rahoton ma'aikata, mai ƙasa da 50 kuma takardar shaida kawai. A gini, rahoton yana hawa babban ɗan kwangila daga dala miliyan 1, na ƙarƙashinsa daga 750,000.

Ko da kwangila ko babu, dokar kare haƙƙin ɗan'adam ta birnin tana hawa duk mai ma'aikata huɗu zuwa sama. Ta hana wariya saboda launi, addini, ƙasar asali, jinsi, shekaru, naƙasa, juna biyu, ko wanda mutum yake so ya zauna da shi. A nan al'adarmu ta ɗaukar ɗan gida za ta iya jefa mutum cikin matsala. Taimakon ɗan'uwa alheri ne, amma cewa "sai Bahaushe" ko "ba ma ɗaukar mata a wannan aiki" karya doka ne. Ba a tambayar mai neman aiki albashinsa na baya tun 2017. Ba a binciken tarihin laifinsa sai bayan an yi masa tayin aikin. Tun Nuwamban 2022 duk tallar aiki sai ta faɗi mafi ƙaranci da mafi yawan albashin. Wannan doka ɗin ce take ba ka damar neman lokacin sallar Juma'a, take kare 'yarka mai hijabi, kuma haka take kare ma'aikacinka mai zuwa coci ranar Lahadi ko mai hutun Asabar.

Sai albashi, inda sababbin 'yan kwangila suka fi karyewa. Mafi ƙarancin albashi a birnin dala 17 ne a awa daga Janairun 2026, amma a aikin gini na gwamnati da hidimar gine-gine irin su shara da gadi, ba shi ake bi ba. Kwanturola yana fitar da jadawalin albashin kowace sana'a duk 1 ga Yuli, haɗe da kuɗin alawus, kuma ya fi mafi ƙarancin nan sosai. Kana miƙa takardar biyan ma'aikata da sa hannunka a kai. Wanda ya yanke farashi da lissafin abin da ya saba biya a hannu zai ci kwangila ya yi asara, ko ya rage wa ma'aikata a kama shi, a sa shi biya da tara, har a iya hana shi aikin gwamnati shekara biyar. Buɗe jadawalin kafin ka rubuta farashi. Haɗa da inshorar raunin ma'aikata da ta ɓarna, domin ba a fara aiki sai da su.

Mai neman aron sunanka

Da zarar ka sami shaida, wata rana wani zai zo da magana mai daɗi: a sa sunan kamfaninka a takarda, mutanensa su yi aikin, a ba ka ɗan kaso. Kada ka yarda. Doka tana son kamfani mai shaida ya yi aikin da hannunsa, da ma'aikatansa, da kayansa. Hukumar bincike ta birni da masu gabatar da ƙara sun sha gurfanar da masu irin wannan, kuma sunan da ke kan takardar shi ake fara kira. Ga mai katin zama abin ya fi haɗari, domin hukuncin zamba yana iya taɓa zamansa a ƙasar. Banda haka, duk kwangilar da aka ci da aron suna an ƙwace ta ne daga bakin wata baiwar Allah da ke da ma'aikata da motoci tana jira.

Biya

Birni yana biya, amma ba ya sauri. Kwangila ba ta zama cikakkiya sai kwanturola ya yi mata rajista, yana da kwana 30, kuma sau da yawa takardun suna daɗewa a hukuma kafin su isa gare shi. Kada ka sayi kaya ko ka ɗauki ma'aikata sai ka ga takardar umarnin fara aiki. Ka tanadi albashin wata biyu ko uku a gefe. SBS tana da asusun ba 'yan kwangila rance da ruwan da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ruwa ba ya shirya tun wuri da abokan adashinsa ko ya fara da ƙaramin aikin da aljihunsa zai ɗauka.

Idan a ƙarƙashin wani kake aiki, a rubuta yarjejeniya, kuma ka tabbata ya shigar da sunanka a tsarin birni a matsayin ɗan kwangilarsa. Doka ta ba shi kwana bakwai ya biya ka bayan birni ya biya shi. Checkbook NYC zai nuna maka ranar da aka biya shi. Idan kwanakin sun wuce, rubuta masa wasiƙa, ka aika kwafi ga jami'in M/WBE na hukumar da ta ba da aikin, tare da takardar neman biyanka da lambar kwangilar.